Riga da hula masu sunan shago: a sayar ko a bari?

Mai_Fura_KT:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masana. Ƙaramin shagon fura da yogot ne a wajejen Ƙofar Ƙaura, ma'aikata huɗu, ciniki alhamdu lillahi, sunan ma ya fara zagaya unguwa. Akwai Naira 300,000 da aka ware, sai ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun ce a buga riguna da huluna hana-sallah da kofuna masu sunan shagon a riƙa sayarwa a gefen kanta, ga riba ga talla. Wasu sun ce a zuba kuɗin cikin nono da gero da ƙanƙara kawai. Shin ƙaramar sana'a irin wannan ta isa ta sayar da kaya masu tambarinta a nan Katsina? In ta isa, da wane kaya ake farawa, kuma guda nawa?

Akantan_Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a shiga ra'ayi bari mu buga lissafi. Farashin da zan sa misali ne, ka cire ka sa na yau, don kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya.

A ce tishat marar rubutu ta kama 4,000 a sari, bugu 1,500, kuɗin mota da ledar sawa 300. Kowace ta tsaya maka 5,800, guda 50 sun lashe 290,000. Ka sa mata 7,500, ribar kowace 1,700, a takarda 85,000 ke nan. Amma sai ka sayar da 39 kafin uwar kuɗi ta dawo. To cire huɗu na ma'aikata. Cire shida da 'yan'uwa da abokan arziki za su ɗauka, waɗanda ba ka iya buɗe baki ka ce su biya. Cire biyu da za su zo da ɗigon tawada ko karkataccen rubutu. Saura 38. Ko ka sayar da su kakaf, 285,000 ka haɗa, ko uwar kuɗin ba ta cika ba.

Sannan ka duba saurin juyawar kuɗi. Kuɗin da ke cikin nono kwana biyu uku sun dawo sun sake fita. Ko da kashi 5 cikin 100 suke kawowa a mako, 290,000 na ba da 14,500, a mako 12 ka sami 174,000. Riga kuwa tana iya wata shida a rataye. Ni a wurina wannan ne babban abin dubawa, matuƙar shagon na da masu sayen da za su shanye ƙarin furar.

Hajiya_Mai_Turare:
Akanta ya yi gaskiya, amma akwai abin da ya fi lissafi nauyi. A garin nan an saba duk abin da ke ɗauke da suna kyauta ake ba da shi. Biki, suna, walimar sauka, taron siyasa: kofi, jaka, robar abinci, kalanda, littafin rubutu, duk rabawa ake yi. Mutum in ya ga sunanka a jikin riga, a ransa talla zai yi maka, kai ya kamata ka gode mashi. Ka ce ya kawo 7,500 sai ya ga kamar ka raina shi. Sannan ɗana, su wa ke sayen fura da yawa? Magidanta da ke tsayawa da yamma su yi wa gida, da mata da ke aiko yara. Magidanci kaftani da hula zai sa, mace hijabi. Ina za su kai tishat?

Matashin_Poly:
Hajiya a gafarce ni, amma ba duka ba. Ɗaliban kwalejin fasaha ta Hassan Usman da na Jami'ar Umaru Musa da Al-Qalam na sa tishat da hana-sallah kullum, haka masu bautar ƙasa da ke sansanin hanyar Mani. Abin da ba za su saya ba shi ne riga mai ƙaton suna da lambar waya da adireshi a baya kamar allon talla. A zana hasumiyar Gobarau da kyau a gaba, ko rijiyar Kusugu in Daura ce, a sa sunan shago ƙarami a hannun riga. Garin mutum zai saya, sunan shagon ya bi shi. Lokacin hawan Sallah da Sallar Gani a Daura baƙi na neman abin tsaraba.

Hajiya_Mai_Turare:
To ai ka ga ka canja sana'a ke nan, ɗana. Wannan sayar da riguna ne, yana buƙatar mai zane da mai tallatawa da jarinsa daban. Mai fura da ma'aikata huɗu wa zai tsaya ma wannan?

Sarkin_Bugu:
Bari in shigo ta ɓangarenmu na masu bugu, don yawancin asarar daga zaɓen nau'in bugu take farawa.

Bugun skirin, wanda ake jan tawada ta cikin raga, kowace kala da nata firam. Tambari mai kala uku firam uku ke nan, kuma kuɗin haɗa firam ɗaya ne ko riga 10 za a buga ko 200. Shi ya sa yake da tsada a kaɗan, yake da araha a da yawa. Daga riga 30 zuwa sama, kala ɗaya ko biyu, babu kamarsa wajen ƙarko, in an gasa shi yadda ya kamata. Tawadar roba da ake amfani da ita sai ta ji zafi kusan digiri 160 kafin ta kama zare. Wanda ya busar da ita da na'urar busar da gashi ko ya shanya a rana, a ido lafiya lau, wanki biyu ta fara zuba. Gwajin mai sauƙi ne: kama rubutun da hannu biyu ka ja. In ya tsattsage bai koma ba, bai gasu ba.

DTF kuma ana buga zanen a kan fim, a barbaɗa garin gam, a narkar, sannan a manna da injin zafi, digiri 150 zuwa 160, daƙiƙa 10 zuwa 15. Ba ruwansa da yawan kala, ko riga ɗaya ana yi, yana kama auduga da foliyesta. Aibinsa, in zanen ya yi faɗi ya cika ƙirji, iska ba ta ratsawa, a zafin Afrilu mutum zai ji kamar an manna mashi leda. A yi zane mai ratsi-ratsi wanda yadi ke leƙowa ta tsakani.

Sablimeshan tawadar shiga zare take yi, ba ta ɓarewa, amma foliyesta fari ko mai haske kaɗai take kamawa, a zafi kusan digiri 190 zuwa 200. A kan auduga wanki ɗaya ta koɗe. Shi ake yi wa kofin tangaran, kuma sai kofi mai shafe na musamman, ba kowane farin kofi na kasuwa ba.

Hana-sallah surfanin kwamfuta ya fi dacewa da ita. Harafin da bai kai milimita 5 ba zare cakuɗe shi yake yi, don haka a bar ƙananan rubutu.

Abu na ƙarshe, don Allah a daina turo tambari a matsayin hoto ta WhatsApp. Matse shi take yi, in an faɗaɗa sai gefe ya fito da zagi-zagi. A karɓo ainihin fayil ɗin CorelDRAW ko PDF daga mai zane, a turo shi a matsayin dokimen.

Ɗan_Kwari:
Ƙari kan bayanin Sarkin Bugu, ita kanta rigar a duba. Nauyin yadi da giram ake auna shi a kowace murabba'in mita. Tishat kada ta gaza 160 zuwa 180, mai kwala 200 zuwa sama. Ƙasa da haka wuya ke saki, singileti na nunawa ta ciki. In za ka sara a Kantin Kwari tafi da tef, ka auna faɗin ƙirji da kanka, don L ɗin wani kamfani M ɗin wani ne. Rabon lamba a guda 50 kusan haka yake tafiya: S 5, M 13, L 17, XL 11, XXL 4. Kuskuren da aka fi yi shi ne goma-goma daga kowace lamba, sai M da L su ƙare a mako biyu, S da XXL su kwana. Kala kuma, fara ba ta jure ƙurar hunturu, baƙa ba ta sawuwa daga Maris zuwa Mayu. Toka-toka da shuɗi mai duhu sun fi zama lafiya.

Telan_Marusa:
A wanke samfur guda kafin a buga sauran. Auduga na tsukewa a wankin farko.

Malam_Na_Kusugu:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma yana hana ciniki ko da kaya sun yi kyau. Shagunanmu da yawa sunayensu na ɗauke da sunan Allah, ko wata addu'a, wasu har da rubutun Larabci a tambari. Riga ana shiga ban ɗaki da ita, ana jefa ta cikin kayan wanki, in ta tsufa ta koma tsumman goge-goge. Leda da sitika kuwa kwata suke ƙarewa. Wanda sunan shagonsa ya kasance haka ya nemi gajeren suna ko alama da zai riƙa bugawa, ya bar cikakken suna a allon ƙofar shago.

Na biyu, mai fura hankalinsa zai tafi kan hoton saniya. Mutane da yawa ba za su yi salla da riga mai hoton abu mai rai ba, kuma rigar da sai an cire ta sau biyar a yini ba a sayenta. Ƙwarya da ludayi sun wadatar, kowa ya gani ya san fura ake nufi.

Mai_Fura_KT:
Allah ya saka da alheri Baba Malam. Tambarin kan saniya ne kuwa. Sunan dai babu matsala, kuma yana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don haka ta wannan ɓangaren babu mai taɓa shi.

Barista_Rafindadi:
Ɗan'uwa, nan akwai gyara. Rajistar CAC ta sunan kasuwanci ce, tana hana wani ya yi rajistar irin sunan a wurinsu, amma ba ita ce rajistar tambari ba. Tambari a ofishin rajistar alamun kasuwanci ake yinsa, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Kaya da ayyuka an kasa su aji 45, kuma kowane aji da takardar nemansa da kuɗinsa. Madara da yogot aji 29, hidimar gidan abinci aji 43, tufafi da huluna aji 25, kofuna da gorunan sha aji 21. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa shekara 14-14. Ƙaramin shago ya fara da ajin abin da yake ci da shi, wato 29. Aji 25 sai in rigunan sun zama ciniki na gaske.

Ga Matashin Poly kuma, hasumiyar Gobarau ta Katsina ba mallakar wani mutum ba ce, amma hoton da wani ya ɗauka ko zanen da wani ya yi nasa ne. Kada a sauko da shi daga Facebook a buga a sayar. A biya mai zane, a rubuta a takarda cewa ya sallama haƙƙin zanen. Haka kada a sari riga mai tambarin Nike ko Adidas na jabu a ɗora naka a kai, kuma a nisanci tambarin masarauta da na kulob ɗin ƙwallo sai da izini.

Ummu_Hanan:
Ni ina ganin an tsaya kan riga an bar abin da ya fi kusa da sana'ar. Mai fura abin zuba fura ya kamata ya sayar. Yaya, lissafa nawa robar zubawa da murfi da sitika da leda ke ci a kowace lita. Sai ka kawo gora mai lita ɗaya da sunan shago, ka sayar a kan kuɗin da ta tsaya maka ko da 'yar riba kaɗan, ka ce duk wanda ya zo da ita za a rage mashi daidai kuɗin robar nan. Kai ba ka yi asarar komai ba, shi ya sami sauƙi, kuma gorar na gidansa tana tuna mashi inda zai koma. Abin da Hajiya ta faɗa na raina sayen abu mai suna bai shafi wannan ba, don amfaninta a bayyane yake.

Sai dai a zaɓi gorar da kyau. Baki ya zama mai faɗi yadda soso ko buroshi zai shiga, don gero na kwanciya a ƙasa, in ya kwana ya yi tsami ya ɓata sabuwar fura, kuma shagon za a zarga. In ta ƙarfe ce a nemi wanda ba ya tsatsa, mai lamba 304 a gindi. Gorar alminiyam marar shafe ba ta dace da nono ba saboda tsaminsa. In ta roba ce a duba alamar kusurwa uku a ƙasa: lamba 5 tana jure ruwan zafi, lamba 2 ma ba laifi, lamba 1 irin ta ruwan gora ce, ruwan zafi na lanƙwasa ta. Murfi ya zama zoben robarsa na cirowa a wanke, don a nan baƙin datti ke taruwa.

A kanta kuma a kafa doka. Ma'aikaci ya buɗe ya duba ya shinshina kafin ya zuba, ya ɗauraye da ruwa mai tsafta, ludayi kada ya taɓa bakin gorar. Wadda ta zo da wari a ba mai ita haƙuri a zuba mashi a roba.

Sarkin_Bugu:
Hajiya Ummu ta kawo shawara mai kyau. A kan ƙarfe a yi zanen leza, ƙona sunan ake yi a jiki, ba ya gogewa. Sitikar takarda ba ta kwana a jikin abin da ke shiga firij, raɓa na jiƙa ta ta saɓule. In dole sai sitika, ta roba mai laminashan.

Akantan_Daura:
Wannan lissafinsa ya fi na riga tsayawa, na yarda. Amma gorar ƙarfe mai riƙe sanyi ba araha gare ta ba, kuma mai kawowa zai ce sai katan. A fara da dozin biyu. A buɗe shafi daban a littafi: nawa aka saya, nawa aka sayar, sau nawa aka dawo da ita a mako. In bayan wata ɗaya rabin masu gorar ba su dawowa da ita, tsarin bai kama ba, kada a ƙaro.

Hajiya_Mai_Turare:
Da azumi za ta fi tafiya, lokacin da kowane gida ke sayen fura da yamma. Amma ni har yanzu kalanda ta fi mani komai. Shekara guda tana bango, da kwanan watan Musulunci da na Bature, kowa na dubawa.

Ɗan_Kwari:
Kalanda ai kyauta ce Hajiya, ba a sayar da ita. Kuma in ba ta fito kafin ƙarshen Disamba ba, bango ya riga ya cika da ta wasu.

Hajiya_Mai_Turare:
Shi ne ai nake faɗi tun farko. A kira abu da sunansa. Rigar ma'aikata kuɗin gudanar da shago ne. Kalanda da sitikar Keke Napep kuɗin talla ne, an san ba dawowa za su yi kai tsaye ba. Abin sayarwa kuma dole ya kawo riba. In aka cuɗa ukun wuri ɗaya, mutum zai yi ta asara yana lallashin kansa cewa talla yake yi.

Telan_Marusa:
Tunda an zo kan rigar ma'aikata, kada ta zama kala ɗaya da wadda ake sayarwa. In kowa na iya sayen irin rigar yaran shago, wani na iya sawa ya je gidan mai oda ya karɓi kuɗi. Kowane ma'aikaci riga biyu da afiron biyu, ɗaya a jiki ɗaya a wanki, kuma a rubuta cewa kayan shago ne, mai barin aiki ya ajiye. Afiron a ɗinka shi a nan gida da yadi mai kauri, yadi ɗaya da rabi ya isa har da aljihu. A yi surfanin suna a ƙirji, don yana shan wanki kullum kuma nono na barin maiƙo.

Matashin_Poly:
Ni dai ban janye batun riga ba. Akwai hanyar gwadawa ba tare da an taɓa 300,000 ɗin ba. A buga samfur biyu da DTF, a rataye ɗaya a shago, a sa ɗaya a sitatus na WhatsApp. A ba da mako biyu, mai so ya faɗi lambarsa ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. In an kai mutum 20 a buga, a ƙara biyar na M da L a kai. In ba a kai ba a mayar ma kowa kuɗinsa. Masu cewa ta yi kyau suna da yawa, wanda ya ajiye kuɗi shi ne mai saye.

Akantan_Daura:
Da wannan sharaɗin ba ni da ja, ƙanena. Asarar ba ta wuce kuɗin samfur biyu da na mai zane. Kuɗin mutane dai a ajiye su gefe, kada a sayi nono da su.

Ummu_Hanan:
Wani abu kan gorar, kada a ruɗe. Zuba ma mutum fura a kanta a gorarsa daban, cika goruna a rufe a kai wasu shaguna su sayar daban. Na biyun kaya ne da aka ƙunshe, yana buƙatar rajistar NAFDAC, da lakabi mai sunan mai yi da adireshi, kayan haɗi, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa. Sunan shago kaɗai a jikin gora bai wadatar ba.

Mai_Fura_KT:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abin da na ɗauka zuwa yanzu: a gyara tambari a cire saniya, a yi afiron da rigar ma'aikata, a gwada gora dozin biyu kafin azumi. Batun riga ta sayarwa ina tsakanin Hajiya da Matashin Poly. Sarkin Bugu, a nan Katsina za a yi aikin ko sai an kai Kano?

Ɗan_Kwari:
Rigar a saro a Kano, bugun a yi a gida inda za ka iya tsayawa a kai.

Sarkin_Bugu:
Skirin da DTF da surfani duk ana yi a Katsina. Zanen leza a jikin gora mai zagaye sai injin da ke da abin juyawa, ka tambaya tukuna, in babu a kai Kano ko a sa mai kawo gorar ya yi daga can. Ka ba aikin aƙalla mako uku kafin azumi, kuma in kakar siyasa ta kama ka ninka, don injina na cika da fosta da rigunan kamfen, kuɗin aiki ma na tashi. Kalolin ma a lura kada su yi kama da na wata jam'iyya.

Ko wa za ka ba, a rubuta a rasit: adadi, faɗin tambari da santimita, wurin da zai zauna, ranar karɓa, da wanda zai ɗauki asarar abin da ya lalace a wurin bugu. Ka sa hannu a kan samfur guda, ka riƙe shi a wurinka, ranar karɓa ka jera sauran kusa da shi. Rabin kuɗi a farko, rabi bayan ka ƙirga.

Hajiya_Mai_Turare:
Gorar a samo har da ta rabin lita. Ba kowane gida ke sayen lita guda ba, kuma yaro ya fi iya riƙe ƙarama.